Sawun Kofato a Gonar Rumman

Tun da na dawo daga Umra ban huta ba. Duk wanda ya zo yi mini barka da sauka sai ya sha zamzam, ya ɗauki dabino, ya gyara zama ya ce, to Malam, yaya ƙasar? Wasu kuma sun ji ƙishin-ƙishin wai na bar Harami na tafi hawan dutse har kwana uku, suna son jin abin da ya kai ni. Na lura kullum na ba da labarin sai na manta wani yanki, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya.

Ni mutumin Kwatarkwashi ne, malamin firamare da ya ajiye aiki. Mahaifina maharbi ne, kuma duk da boko ya ɗauke ni, har na yi aure ina bin sa daji ranakun hutu. Yana da ƙane, Baba Idi, wanda ya tafi Makka da ƙafa tun kafin a haife ni, bai sake dawowa ba. Can ya yi aure, can ya rasu, ya bar matarsa Inna Hawwa da ɗansu Bakur. Wannan Bakur, wanda ban taɓa gani ba sai a hoto, shi ya dage har aka yi mini takardu, na tashi daga Kano a shekarar da ake aikin faɗaɗa wurin ɗawafi.

Na ɗaura ihrami tun a filin jirgi saboda tsoron kada a wuce miƙati ina barci. Ba wanda ya gaya mini cikin jirgi sanyi ne da shi. Haka na yi tafiyar nan haƙorana suna haɗuwa, ina talbiyya muryata na rawa, har wani Bakano da ke kusa da ni ya ɗauka kuka nake, ya yi ta dafa kafaɗata yana cewa Allah Ya karɓa.

A Jidda muka yi layi mai tsawo. Da aka zo kaina, na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi ni. Na ɗora, ta ƙi. Na sake ɗorawa, ta ƙi. Alli da fartanya sun cinye zanen tun tuni. Jami'in ya miƙo mini wani mai in shafa, na sunsuna na ji ƙamshi, na nuna masa ihramina na girgiza kai. Ya yi dariya, ya goga yatsansa a goshinsa, ya nuna mini in yi haka. Na goga a nawa goshin, na ɗora, na'ura ta yi kore. Da na je wajen masu binciken kaya kuma aka ci karo da ƙullin kukar da na riƙo wa Inna Hawwa. Mutum biyu suka tsaya a kan garin nan suna jujjuya shi. Larabcina na littafi ne, bai da kalmar kuka. Na shiga kwatanta kaɗa miya da hannu, ina yankar tuwo a iska ina kaiwa baki. Sai wani jami'i baƙi dogo ya matso, ya leƙa, ya yi musu bayani da Larabci, sannan ya juyo gare ni ya ce da wata Hausa mai nauyin harshe, “Miyar kuka. Kakata tana yi.” Ya ɗaure mini ƙullin da hannunsa.

Bakur na jira na a waje. Da na gan shi sai gabana ya faɗi, domin tafiyarsa tafiyar mahaifina ce, har yadda yake karkata kafaɗa ɗaya. Ya rungume ni ya sumbaci goshina yana kira na Yaya. Hausarsa rabi Larabci ce. Ba ya gama magana bai ce “yalla” ko “halas” ba, kuma in Hausa ta ƙare masa sai ya kaɗa hannu ya ci gaba da Larabci, yana zaton ina biye.

Ba zan iya faɗa muku yadda na ji da na ga Ka'aba ba. Na shirya addu'o'i tun daga gida, na haddace su, amma da na ɗaga kai na gan ta ko ɗaya ban tuna ba. Na tsaya kawai, mutane na ture ni, har Bakur ya kamo hannuna. Abin da zan iya faɗa shi ne na tattabarun da ke harabar. Suna yawo tsakanin ƙafafun mutane, ba sa ko ɗaga kai. Ni da aka rene ni a gidan da tsuntsu ba ya sauka a kan darni sau biyu, na daɗe ina kallonsu. Na san hukuncin tun ina ƙarami, cewa ba a farauta a cikin Harami, amma ban taɓa tunanin yadda tsuntsun da bai san tsoro ba yake tafiya ba.

A unguwar Zahir na sauka, a gidan Bakur, hawa na uku. Inna Hawwa ta tsufa, ba ta fita sai da keke. Ta karɓi kukar nan ta rungume, ta sa na zauna ina lissafa mata mutanen gida waɗanda ita ma ba ta taɓa gani ba, sunayensu kawai ta ji a bakin mijinta. Da safe ana kawo wani faffaɗan burodi mai zafi da dafaffen wake da aka dama da man zaitun, kowa ya yaga ya dangwala. Da rana shinkafa ce da nama a faranti guda. Kwana huɗu na yi ina wannan, na biyar na sulale unguwar Misfala, inda na ji ana sayar da tuwo. Na same shi kuwa, a wani lungu, hannun wata mata 'yar Damagaram. A lungun nan in ka rufe ido ka saurara, za ka rantse kana Gusau.

Sana'ar Bakur tuƙin tankar ruwa ce, wadda suke kira wayit. Yana kai ruwa ƙauyukan da ke kan duwatsu ta hanyar Ɗa'ifa. Wata rana muna cin abinci na ba shi labarin mahaifina da farauta, da yadda yake duban ƙasa ya gaya maka dabbar da ta wuce da lokacin da ta wuce. Bakur ya tsaya da loma a hannu ya tambaye ni ko ni ma na iya. Na ce na iya daidai gwargwado. Ya ce to gobe in shirya, akwai wani dattijo da zai so ganina.

Bayan sallar asuba muka hau tankar. A shingen bincike na bayan gari soja ya karɓi fasfona, ya dube ni, ya dubi Bakur, suka yi 'yar magana ya miƙo mini. Daga nan hanya ta fara hawa. Na yi zaton na san dutse, tun da a gindin dutse aka yanke mini cibiya, amma namu da wannan kamar tukunya ce da rumbu. Titi na nannaɗewa a jikin dutsen, ruwa na kai da komo a bayanmu, kunnuwana suka toshe. A wata kwana muka tarar da garken gwaggon biri zaune a bakin titi suna jiran masu mota su jefa musu abinci. Na buɗe gilashi in kalla da kyau, wani ya yi tsalle ya fizge ledar dabinon da ke cinyata. Bakur ya yi dariya har sai da ya rage gudu.

Muka bar kwalta muka bi wata hanyar tsakuwa har wani ƙaramin ƙauye, gidajen dutse da ba su kai goma sha biyar ba, da gonaki hawa-hawa kamar matakala. Dattijon da Bakur ya faɗa sunansa Abu Salim, siriri ne, gemunsa ja da lalle. Ya zaunar da mu aka kawo gahawa a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba, rabi ma aka zuba. Na shanye na miƙa, aka ƙara. Na shanye na miƙa, aka ƙara. Sai da na sha bakwai, cikina na ƙugi, sannan Bakur ya raɗa mini cewa in na ƙoshi girgiza kofin ake yi. A wurinmu in ka cika wa baƙo ƙwarya ka girmama shi. Su kuwa in an cika maka kofi, ana nufin ka sha ka tashi.

Bakur ne tafinta, kuma ga abin da na fahimta. A saman dutsensu akwai wata dabba da suke kira wa'al, wato akuyar dutse, mai ƙaho kamar lauje. Abu Salim ya ce yana yaro garke-garke suke gani. Da bindiga mai madubi ta zo, da motocin da ke hawa ko'ina, sai suka ƙare, har aka yi shekaru ba a ga ko ɗaya ba. Wata shekara matarsa ta je itace ta dawo ta ce ta ga uwa da ɗanta. Sai ya tara masu gonakin dutsen duka, ya tuna musu wata al'adar kakanninsu da suke kira hima, inda gari ke keɓe wani yanki a hana kiwo da sara da harbi. Suka yi alkawari a masallaci. Hukuma ta riga ta hana harbin dabbar, amma hukuma tana ƙasa, su ne a sama. Kowane gida na da makonsa na lura da hanya. Matan da ke shanya a soro su ne ke fara hango baƙuwar mota. Makiyaya suka daina kai awaki saman dutsen lokacin haihuwar wa'al. A hankali suka ƙaru, har ana ganin goma sha wani abu.

Sai ga matsala a wannan shekarar. Ruwan sama ya yi ƙaranci, duk kwarmin dutsen da ke tara ruwa ya ƙafe, saura guda ɗaya a cikin wani matsattsen kwari, a ƙasar wani mutum mai suna Abu Nayif. Shi kuwa an yi masa ɓarna a gonar rumman, ya ce awakin dutse ne, mutanen ƙauye suka ce ba su ba ne, ya kawo ragar waya mai tsawo ya toshe kwarin daga bango zuwa bango, da gonar da ruwan duk a ciki. Mako biyu kafin zuwana makiyayi ya tsinci gawar ɗan wa'al a gindin wayar. An yi zama uku, Abu Nayif ya ƙi. Ya ce itatuwan nan mahaifinsa ya dasa, kuma in alkawarin hima zai cinye su, to ya fita daga alkawarin. Abu Salim ya ce in gida ɗaya ya fita, sauran ma za su bi. Masu bin sawu na ƙauyen duk sun mutu, matasa kuma wayar salula suka sani. Ga shi an kawo baƙo wanda ba dangin kowa ba, ya duba sawu ya faɗi mai ɓarnar.

Gaskiya hankalina ya tashi. Na gaya wa Bakur ya faɗa wa Abu Salim ban taɓa ganin wa'al ba, ballantana sawunsa. Na san gada, na san barewa, na san akuya da biri. Abu Salim ya ce in duba kawai in faɗi abin da na gani.

Bayan azahar muka tafi, mu wajen takwas. Abu Nayif ya buɗe mana ƙofar wayar ba tare da ya dube ni ba. Kakkauran mutum ne, bai kai ni shekaru ba. Na roƙi kowa ya tsaya a bakin ƙofa, na cire takalmi na shiga ni kaɗai.

Ƙasar wurin ja ce mai laushi, ta riƙe komai. A ƙarƙashin manyan itatuwa na ga sawu kamar tafin hannun yaro, da yawa, ga rassa an karya su ta ƙasa, ga rumman an gatsa sau ɗaya an yar. Wannan ko makaho ya shafa ya san biri ne, kuma sabo ne, na bayan kafa waya. Na ga inda suke hawowa ta kan ragar, har ta lotsa. Na fita na zagaya bayan wayar. Nan na ga abin da ya sa na durƙusa. Kofato ne kamar na akuya, amma ya fi tsini, gefensa a yanke tsaf kamar da wuƙa. Manya da ƙanana. Sun sauko daga sama, sun bi jikin wayar har bango, sun dawo, sun sake bi, sun sake dawowa, har sun yi 'yar hanya. A wuri guda ƙaramin sawu ya tsaya daf da raga, inda ake hango ruwan, taku ashirin kacal.

Da na koma ciki ta can ƙasa, wajen ƙananan dashe, sai na ga wani abin da ban so gani ba. A busasshen laka na bakin kwatar ban-ruwa akwai tsohon sawun kofaton nan, na kafin waya. Kan dashen kuma an tsinke shi, an ɓare ɓawon wasu da haƙori. Wannan ba aikin biri ba ne.

Na dawo na faɗi na biri, Bakur ya fassara, fuskar Abu Salim ta saki. Na faɗi na bayan waya. Sannan na faɗi na dashen. Bakur ya dube ni ya ce da Hausa, “Yaya, wannan mu bar shi. Gahawar mutumin nan muka sha.”

Na ce, “Faɗa musu, Bakur. Cewa aka yi in faɗi abin da na gani. Kwana shida da suka wuce ina riƙe da tufar Ka'aba.”

Ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Abu Salim ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da sandarsa, ni kuwa na ji kamar in nutse. Na ce a raina, an ɗauko ni daga Makka in gyara, na zo na ƙarasa rushewa.

Abu Nayif ne ya fara motsi. A karo na farko ya dube ni, ya ce in kai shi in nuna masa. Na kai shi wajen dashen, ya gyaɗa kai, domin abin da ya daɗe yana faɗa ke nan ana ƙaryata shi. Sannan da kansa ya ce in nuna masa na bayan wayar. Muka zagaya. Ya tsuguna a kan 'yar hanyar nan da kofato ya yi, ya sa yatsa a cikin ƙaramin sawun, ya ɗaga kai ya dubi ruwan ta cikin raga. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe ya yi magana da Abu Salim, ba da ni ba, Bakur yana raɗa mini. Ya ce wata uku ana ce masa maƙaryaci a ƙauyen ubansa, sai da aka kawo mutum daga Nijeriya. Abu Salim ya taka ya je ya sumbaci kan Abu Nayif a gaban kowa, alhali ya girme shi nesa, ya ce sun zalunce shi.

A nan tsaye aka yanke shawara. Za a cire wayar daga bakin kwarin, a zagaye dashen da ita kaɗai, a bar hanyar ruwa a buɗe. Aikin na kowa ne. Dashen da ya mutu kowane gida zai kawo madadinsa daga gonarsa. Birai kuwa, aka ce sai dai gadi da karnuka, domin ba wayar da ke tsare su.

Bakur ya sauke ruwansa ya koma Makka, ya ce zai dawo jibi. Ni aka riƙe ni. Yini da rabi muka yi muna tone turaku muna sake kafawa. Ban iya yarensu ba, ba su iya nawa ba, amma wanda ya taɓa yin gayya ba ya bukatar tafinta. Waya ta yage mini wando daga gwiwa har ƙasa, Abu Nayif ya ba ni wata farar jallabiyarsa da mutum biyu irina za su shiga. Ya yanka ɗan akuya, aka yi wata shinkafa da aka dafa da madara har ta yi kamar fate, aka kwarara mata man shanu. Na ci har na ji kunya. Sanyin wurin kuwa, bargo biyu suka ba ni, a ƙasar da ake ce mana ƙwai na dahuwa a rana.

Rana ta uku bayan asuba, Abu Salim da Abu Nayif suka kai ni bayan wani falalen dutse da ke kallon kwarin, ta inda iska ba za ta kai warinmu ba. Muka zauna. Gari ya waye, rana ta taɓa kan dutsen, ba komai. Ƙafata ta yi sanyi. Har na fara tunanin hayaniyar aikinmu ta kore su gaba ɗaya, sai Abu Nayif ya matse mini hannu.

Ban ga fitowarsu ba. Bangon dutse ne a tsaye kamar na ɗaki, launin ƙasa, sai na ga wani yanki nasa ya motsa. Uwa ce. Ta sauko ta inda na rantse ko ƙadangare sai ya yi tunani, tana ɗora kofato huɗu a kan abin da bai fi tafin hannu ba. Bayanta 'ya'ya biyu, sannan wata uwar. Suka iso inda wayar take a da, suka tsaya cak. Babu komai a gabansu, amma suka juya suka bi tsohuwar hanyarsu har bango, kamar yadda suka saba. Uwar ta dawo tsakiya, ta miƙa wuya, ta sunsuni ramin turke. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta riƙe ta a sama, sannan ta taka. 'Ya'yan suka wuce ta da gudu.

Suna cikin sha na ɗaga kai na ga namijin. Yana can ƙololuwa shi kaɗai, ƙahonsa ya lanƙwasa har yana neman taɓa gadon bayansa, gemunsa baƙi. Bai sauko ba, kallo kawai yake. Na ga namun daji da yawa a rayuwata, amma kusan duk ta bayan bindiga na gan su, ina lissafin inda zan sa harsashi. Wannan ne na farko da na kalla ba na son komai a jikinsa. Na rasa abin faɗa sai tasbihi, shi ma a zuci. Da na waiwaya, Abu Salim ba awakin yake kallo ba, ya rufe ido, leɓunansa na motsi.

Da hantsi Bakur ya iso. Abu Nayif ya cika mini kwali da rumman, wanda birai suka bari. Na shiga tankar ke nan Abu Salim ya riƙe ƙofar, ya ce wa Bakur ya fassara mini da kyau, kada ya rage komai. Ya ce ya san in na koma ƙasarmu za a tambaye ni, kuma in ba da labari yadda nake so. Abu ɗaya yake roƙo: kada in faɗi sunan ƙauyen ko na dutsen, ko ga wanda na yarda da shi, domin magana tana tafiya, kuma masu bindiga suna da kunne har a Makka. Ya miƙo hannu na kama.

Sauran kwanakina na yi su tsakanin Zahir da Harami, na yi ɗawafin bankwana, Inna Hawwa ta yi kuka ta ce ba lallai mu sake ganawa ba. Na sauka Kano lafiya, na kwana, na kamo hanyar gida.

Cikin masu zuwa gaishe ni akwai wani tsohon abokina da ke zuwa Saudiyya duk shekara. Ya saurari labarin nan har ƙarshe, ya ce zai so ya je ya gani da idonsa, ba don komai ba, ya ciro biro ya ce yaya sunan wurin. Mutumin kirki ne, na san ko kaza ba ya iya yankawa. Na ƙara masa zamzam a kofi, na ce masa dutse ne, yana bayan Makka.